Wayar da ke kwance a ƙasan teku

Yarona, jiya muna jan waya a gidan nan na Tumfure ka jefo mini tambaya ina kan tsani, na ce ka bari sai mun sauko. Ka ce ka ga bidiyon wasu injina suna lilo a kan teku ana cewa wuta suke bayarwa, kana son sanin yadda ake haɗa wayarsu har wutar ta iso tudu, tunda ba a kafa falwaya a cikin ruwa. To zauna. Mu a Gombe ba mu da teku, amma lissafin waya ɗaya ne ko ina.

Fara da Dadin Kowa da ka sani. Can an tare ruwan Gongola, ana sakinsa da awo, injin yana juyawa da gudu ɗaya, tashar kuma ta megawat 40 ce. Igiyar teku ba ta san awo ba. Ta zo ta ɗaga injin, ta wuce ta sauke shi, bayan kamar daƙiƙa goma wata ta iso, wata ƙatuwa wata 'yar ƙarama. Haka wutar ke fita, ta yi sama ta yi ƙasa. Ka san yadda ƙwan shagonmu ke lumshewa duk sanda mai waldan maƙwabcinmu ya ɗana sanda? Injin igiyar ruwa, in aka haɗa shi kai tsaye da layin gari, mai walda ne da ba ya tashi daga aiki dare da rana.

Saboda haka ba a sakin wutar yadda ta fito. Ana mayar da ita irin ta batir, sannan inbata ta sake tsara ta ta koma mai kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa kamar ta layinmu, a tsakani kuma a sa ma'ajiya da ke haɗiye rarar ƙarfi ta amayo shi in igiya ta kwanta. Dabara ta biyu ta fi burge ni, don ba ta cin ko kwabo na kayan wuta: a jera injinan yadda igiya ba za ta same su lokaci guda ba. Lugude ke nan. Taɓarya ɗaya na sama ɗaya na cikin turmi, sai dakan ya tafi ba yankewa. Duk da haka dole ka auna waya da taransifoma daidai da igiya mafi ƙarfi, alhali kuɗin da za ka samu na matsakaiciyar igiya ne. Nan tsadar abin ta fara.

Ɗauko biro. A shekarar 2008 an buɗe gonar injinan igiyar ruwa a Agusadora, ƙasar Fotugal, da injina uku ƙirar Pelamis, kowanne dogo kamar maciji, mita 120, yana ba da kilowat 750. In ka ce za ka kwaso kilowat 750 a kan bolt 415 da muke aiki da shi, amfiya (awon yawan wutar da ke gudana) sama da 1,000 za ta bi wayar. Ɗaga shi zuwa bolt 11,000, sai ta dawo wajen 39. Asarar da ke tafiya a zafi kuwa tana bin amfiya sau amfiya ne, wato a kan waya iri ɗaya bambancin ya kai ninki 700. Shi ya sa ake ɗaga bolt tun a cikin ruwa. Cibiyar gwajin EMEC da ke tsibiran Orkney a Sukotilan ma da kebul mai bolt 11,000 take kai wuta gaɓa, irin ƙarfin layin da ke ratsa unguwanninmu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Injinan nan uku na Fotugal, an buɗe su a watan Satumba, kafin ƙarshen shekarar an janye su zuwa tashar jiragen ruwa, ba su koma ba. Injin iska na cikin teku yawanci a kafe yake, in ya lalace mai gyara ya hau jirgi ya je ya same shi. Na igiyar ruwa kuwa, mai shawagi, sau da yawa sai an kwance shi an jawo shi bakin ruwa. To ka ce kana da injina goma, ka haɗa su a jere kamar tasbaha, wayar na goma ta shiga na tara, ta tara ta shiga na takwas, har zuwa gaɓa. Wannan tsarin ya fi arha, kebul kaɗan yake ci. Amma ran da na uku ya tafi gyara fa? Bakwai ɗin da ke bayansa lafiyarsu ƙalau, suna ta lilo, wutarsu ba hanyar fita. Kuma teku ba kullum take barin jirgi ya fita ba, kana iya zaman jiran ta lafa na makonni.

Akwai mai cewa a rufe jeren ya zama zobe, in an yanke nan wuta ta zaga ta can. Yana aiki, sai dai kowane ɓangaren zoben dole ya iya ɗaukar nauyin duka, kebul ya yi kauri, kuɗi ya hau. Akwai kuma a ajiye akwatin haɗi a ƙasan ruwa, kowane inji da nasa reshe da nasa makunni, daga akwatin kebul ɗaya ya miƙe gaɓa. Da ni aka ba kwangilar, wannan zan bi, injina huɗu ko biyar a kan akwati ɗaya, ko da mai kuɗin zai ɓata rai. Dalilin da ya sa nake hana ka ɗora gida sukutum a kan bireka ɗaya ke nan.

Bakin haɗin kansa iri biyu ne. Akwai wanda sai an ɗago kan kebul ɗin bisa jirgi a haɗa a bushe, akwai wanda ake zarewa a mayar a cikin ruwa. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma yana rage kwanakin hayar jirgi.

Sai kebul ɗin da ke saukowa daga injin zuwa ƙasa, wanda ni a ganina shi ne abin tausayi a duk gonar. Wayar cajarka a ina take mutuwa? A wuya, inda ake lanƙwasa ta. Wannan kuwa, in igiya na zuwa duk daƙiƙa goma, sau 8,640 ake lanƙwasa shi a rana, sama da miliyan uku a shekara, a cikin ruwan gishiri. Don haka ba a ɗaure shi tamau. Ana sa masa abubuwa masu shawagi a tsakiya ya yi tozo kamar na raƙumi, tozon ya riƙa shanye motsin, a wuyan kuma a sa roba mai tauri da ke hana shi karyewa.

Babban kebul mai zuwa gaɓa ba shi da wannan wahalar, a kwance yake. Yana da sulke na wayoyin ƙarfe, a ciki har da zaren gilashi mai kai saƙo, ana kuma binne shi saboda angar jirgi da komar manyan masunta. Matsalarsa ita ce dogon kebul yana shan wani kaso na amfiya don cika cikinsa kawai, ko ba a kunna komai ba. In tafiyar ta kai kilomita 80 zuwa 100, a nan ake fara maganar aika wutar irin ta batir. Gonakin igiyar ruwa ba su yi wannan nisan ba, ta Fotugal wajen kilomita 5 ce daga gaɓa.

Mutanen Mutriku a ƙasar Sifen sun kauce wa rigimar gaba ɗaya. A 2011 suka ƙaddamar da injina 16 da aka gina a cikin katangar da ke kare tashar jirgin garinsu, jimilla kilowat 296. Kaɗan ne, amma wayarsu a tudu take, mai gyara da ƙafa yake zuwa.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin mu wuce Tumfure, ka zano mini injina goma a bayan kwalin nan, iri uku: jere, zobe, da mai akwati. A kowanne ka soke inji na uku, ka ƙirga mini nawa suka rage suna ba da wuta.