Kwamfutar wasa a zafin Garwa da ƙurar Marwa: amsoshin tambayoyinku

Wani matashi daga Garwa ya rubuto: "Salamu alaikum. Ina haɗa kwamfutar wasa da ɗan abin da na tara. Na riga na sayi furosesa Core i5-12400F da katin hoto RX 6600, kuɗin da ya rage ba yawa. Mai shago ya nuna mini akwati mai gilashi gaba da gefe, ga fitilu masu canza launi, ya ce in haɗa da na'urar sanyaya ta ruwa saboda zafin garinmu. Abokina kuwa ya ce fankar da ta zo cikin kwalin furosesa ta wadatar. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara da sanin wannan: babu na'urar sanyaya, ta iska ko ta ruwa, da za ta sauke zafin furosesa ƙasa da zafin ɗakin da kwamfutar take. Ta ruwan ma iskar ɗaki ce ke huce ruwan nata. Masu gwajin da kake kallo a YouTube galibi a ɗaki mai sanyi suke yi, digiri 22 ko kusa da haka. Kai kuma a watan Afrilu, ɗakinka na iya kai digiri 38 ko fiye. Wannan bambanci na digiri 16 kusan gaba ɗayansa zai hau kan abin da suka auna. Idan sun ce 70, kai ka sa ran 86. Shi ya sa shawarar da ta dace da mutumin Faransa ba lallai ta dace da mutumin bakin Binuwai ba.

Sai ka duba inda zafin yake fitowa. Furosesarka wat 65 aka rubuta mata, amma idan aiki ya yi nauyi tana iya jan har wat 117. Katin hotonka kuwa wat 132 ne, kuma a lokacin wasa shi ya fi yin gumi. Duk zafin da ya fitar cikin akwatin yake zubawa, fankar furosesa kuma wannan iskar za ta shaƙa. Saboda haka akwatin nan da mutane ke ɗauka ado ne kawai, shi ne tushen maganar. Akwati mai gilashi a gaba, wanda sai 'yan siraran ramuka a gefe, kamar ɗaki ne da aka rufe tagoginsa da rana tsaka aka kunna fanka: iska na juyawa, amma mai zafi ce. Na san yana da kyau a ido, kuma na san daɗin nuna shi ga abokai, amma a yanayinmu ba zan ba ka shawarar sayensa ba. Nemi wanda gabansa raga ce. Gilashin gefe ba laifi.

A cikinsa fanka uku sun isa kayanka: biyu masu faɗin milimita 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan akwatin ya zo da su, alhamdu lillahi.

Fankar cikin kwali za ta yi aiki, abokinka bai yi ƙarya ba. Sai dai da bazara za ta riƙa ihu, zafin kuma ya matso kusa da digiri 100, iyakar da wannan furosesa ke fara rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Maganinsa na'urar sanyaya ta iska mai tsayi, irin mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka ɗaya, kamar DeepCool AK400, Thermalright Assassin X 120 ko Cooler Master Hyper 212. Kafin ka biya, tabbatar da abu biyu. Tsayinsu kusan milimita 150 zuwa 160 ne, don haka duba ko murfin akwatinka zai rufu. Sannan ka buɗe kwalin a gaban mai shago ka ga akwai ƙarafan ɗaurawa na LGA1700, wato irin mazaunin furosesarka, domin tsofaffin kaya da suka daɗe a kanti wasu ba su da su.

Ta ruwa kam, bar ta. Ta fi tsada, tana da famfo da kan mutu ba sallama, kuma ranar da ya mutu zafi zai tashi nan take, kai kuma ka zauna jiran saƙo daga Duwala. Ta iska in fankarta ta lalace, wata za ka ɗaura ka ci gaba. Idan kuɗin ba su kai duka ba, sayi akwatin raga yanzu, ka yi amfani da fankar kwali, ka sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka riƙa duba zafi. Muddin furosesa ba ta wuce 85 a cikin wasa ba, hankalinka ya kwanta har ka tara na sauran.

Wani mai ɗakin wasa a Marwa ya ce: "Kwamfutata mai Ryzen 5 3600 lafiyarta lau bara. Tun bayan hunturu take ɗaukewa ana tsakiyar wasa, yara na ta ƙorafi. Na cire murfin gefe na sa mata fankar tsaye, ta ɗan yi dama. In bar ta haka?"

Malam, abin da ka yi gwaji ne mai kyau, ya nuna maka cewa zafi ne. Amma kada ka bar ta a buɗe, ƙurar za ta ninka. Kusan na tabbata idan ka haska tocila tsakanin siraran ƙarafan da ke ƙarƙashin fankar furosesa, za ka tarar da ƙurar hunturu ta daskare kamar bargo. Kashe ta, zare wayar wuta, fitar da ita tsakar gida, ka hura da injin hura iska ko ka bi da burushi mai laushi. Riƙe fikafikan fanka da yatsa yayin hurawa don kada su yi gudun da zai ɓata su. Kada ka manta da katin hoto da matatar ƙura da ke ƙarƙashin akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfutar lantarki.

Idan shekara biyu ko uku ba a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ba, sauya shi. Arctic MX-4 ya isa, ɗigo ɗaya girman ƙwayar wake a tsakiya. A nan akwai tarko ga masu Ryzen irin taka: busasshen mai kan manne, ka ja ƙarfen ya tumɓuko furosesar daga mazauninta, ƙafafunta su lanƙwashe. Kunna kwamfutar ta ɗumama tukuna, kashe, sannan ka murɗa ƙarfen a hankali hagu da dama kafin ka ɗaga.

Daga nan sai kiyayewa. Ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora kan tebur, domin sawun yara ne ke tayar da ƙura. Sa fankokin shigarwa su fi na fitarwa yawa, kuma a bayan matata. Ta haka iska ke turowa waje ta ramuka maimakon ta tsotso ƙura ta kowace kafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a wanke matatar kowane mako biyu, ta bushe sarai kafin a mayar. Idan bayan duk wannan zafi bai kai 95 ba amma tana ci gaba da ɗaukewa, to a duba akwatin wutar da kuma wutar da ke shigowa shagon.

Wata ɗaliba a Ngaundere ta tambaya ko ta cika duk guraben fanka shida na akwatinta, da yadda za ta gane inda iska ke bi.

Ƙanwata, ba sai shida ba, balle ke da garinku ke kan tudu, kun fi mu sanyi. Uku ko huɗu sun isa, ragowar kuɗin ki ƙara RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Gane fuska kuwa da sauƙi: ɓangaren da ke da sandunan roba da waya, nan iska ke fita, kuma fankoki da yawa suna da 'yar kibiya a gefe. Ki nemi fankoki masu fil huɗu a kan wayarsu, waɗanda madabod, wato babban allon kwamfutar, ke rage musu gudu idan ba a wasa. Masu haɗuwa kai tsaye da akwatin wuta da cikakken gudu suke yi dare da rana, ƙararsu za ta hana ki karatu.