Abin da za ka faɗa wa wanda ya karɓi kilt ɗinsa na farko

Yarona, ka tambaye ni me za ka ce wa mutumin da ya zo karɓar kilt ɗinsa na farko, wato tufar maza ta Sikotilan mai kama da siket, tunda yawancinsu kan dawo bayan biki ɗaya da kukan ninkin baya ya buɗe, gaba kuma ya karkace. Kada ka bari ya bar shago sai ya sa a gabanka.

Ka fara nuna masa abin da ke hannunsa. Cikakken kilt irin na Sikotilan yadi 8 ne na ulu zalla, wajen mita 7 da ɗan ɗoriya, mai nauyin oza 13 ko 16 a kowane yadi. Mafi yawan yadin nan yana cikin ninkin baya ne, ninki 25 zuwa 30 ko sama da haka, gwargwadon girman mutum da faɗin zanen tatan ɗin, wato layukan launi masu giciye da ke jikin yadin. Mun ɗinke su da hannu daga ƙugu zuwa inda mazaunai suka fi faɗi, daga nan muka sake su. Duk kyan tufar nan a wurin yake, kuma shi ne ke fara lalacewa.

Farin zaren riƙon da muka bi ninkin da shi na ajiya ne da tafiya. Ya yanka shi da ƙaramin almakashi, ya zare guntu-guntu. Fizga na iya jawo zaren yadin kansa.

Ninki a baya yake zama, kuma kada ka ɗauka kowa ya san haka. Zai fara kawo ɓangaren dama ya shimfiɗa a cikinsa, ya zura maɗaurin fatar ta kafar da ke gefen hagu, ya ɗaure. Sannan ya rufo ɓangaren hagu a sama, ya ɗaure a dama, geza ta sauka a damansa. Maɗaurin sama shi ke riƙe nauyi, don haka ya ja shi sosai. Na ƙasa, wanda ke kan kwatangwalo, a bar shi sako-sako. Masu matse shi su ne ke dawowa da gaba a karkace, domin yana jan shafin gaba gefe guda, layin tsakiyar tatan ya kauce daga cibiya.

Babban kuskuren baƙo shi ne ya sa shi inda yake sa wando. Bakin kilt na sama yana zama ne a cibiya ko sama da ita kaɗan. In ya sauke shi, ƙarshen ɗinkin ninki zai faɗo ƙasa da inda aka auna, ninkin ya riƙa buɗewa, tsawon kuma ya rufe gwiwa. Ni a wurina ƙasan kilt ya tsaya a saman ƙoƙon gwiwa, in ya yi yawa ya kai tsakiyarsa. Ka tuna masa ƙasan nan bakin saƙa ne, ba kalmasa ba, saboda haka ba abin da za a kai wa telan unguwa ya rage ba ne.

Fil ɗin ado yana shiga shafin sama kaɗai, kamar inci 4 daga ƙasa, inci 2 daga geza. Aikinsa ƙara nauyi ne don iska. In ya haɗa shafi biyu da shi, kowane taku zai ja yadin har ya huje. Jakar gaba, wato siporan, ita ce aljihunsa, tunda kilt ba shi da aljihu. Ta sauka kamar faɗin tafin hannu ƙasa da kan bel. Sarƙa mai kaifin baki tana cin ulu a hankali, don haka na fi son maɗaurin fata ga mai yawan sawa. Safa a naɗe ta yatsa biyu ko uku ƙasa da gwiwa.

Sai zama. Ka ba shi kujera ya gwada. Kafin ya zauna ya sa hannu biyu ya shafo ninkin daga baya zuwa ƙarƙashin cinya. Awa biyu a mota kan ninkin da ya tanƙware, da zafin jiki da gumi, daidai yake da guga a gurguwar hanya.

Bayan ya cire, ya rataye shi ya sha iska kwana guda a inuwa, ya kaɗe ƙura da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa. A ɗaura maɗauran, a kama bakin ƙugu da hanga mai matsi, gara mai baki huɗu, don mai biyu kan bar tsakiya ta lotsa saboda nauyi. In abu ya zube a kai, a dandanna da tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ba a gogawa. Injin wanki da ruwan zafi kuwa kada ma ya yi tunaninsu: ulu zai tsuke ya cure, yadi mai tauri da muka sa a ciki ya murɗe, kuma wannan ba ya gyaruwa. In dole sai an kai wa masu wankin sinadari, a fara riƙe ninkin da zare, a kuma nemi wanda ya saba da kilt.

Guga ma haka. A riƙe ninkin da zare, kowanne faɗinsa ɗaya daga inda ɗinki ya ƙare har ƙasa. A shimfiɗa a kan faffaɗan tebur, ba inda rabinsa zai reto ba. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, a danna dutsen guga a ɗaga, ba a jansa. A bari ya huce ya bushe kafin a motsa shi. Wanda ya yi guga ba riƙo, ninkin zai baje ta ƙasa kamar mafici, kuma gugar ta tabbatar da shi a haka.

Asu ya fi son ulu mai gumi a wuri mai duhu, kuma tsutsarsa ce ke ci. A ajiye kilt ɗin da tsabta cikin jakar auduga, ba leda ba, a riƙa fito da shi ana dubawa cikin ninkin. In an ga alama, a ƙulle shi a leda, a sa a firiza mai sanyi sosai mako guda.

Ka kuma gaya masa in ya ƙara jiki ko ya rame, ya dawo mana. Ana iya matsar da maɗaurai inci 1 zuwa 2 ba tare da an taɓa ninki ko ɗaya ba.