Panno na sola yana rikita allurar zafin inji, mi za a yi?

Malam, ka ce tunda ka ɗora panno bisa rufin motarka allurar zafi take rawa da rana, fitilar gargaɗin inji tana kunnuwa, da dare kuma lafiya lau. Nima ta taɓa yi min haka a hanyar Dan Issa, har na canza sensa, wato na'urar da ke auna zafin inji, a banza.

Da farko rufe pannon da bargo ka tada mota, in allura ta natsu to ba sensa ba ne. Yawanci regilato ne, wato na'urar da ke daidaita kuran tsakanin panno da batir, musamman mai arha irin PWM, yana yanka kuran yana saki da sauri sosai, sensa kuma da volt 5 kawai yake aiki, in wayoyinsu suna tafiya tare dole ya ɗauki hayaniyar. Raba su, ka murɗe jan waya da baƙar na regilato tare, ka kai mas ɗinsa, wato baƙar wayar, kai tsaye kan batir, ka kankare tsatsa, ƙurar Maradi ba ta barin komi.

Kar ka haɗa panno da batir ba regilato, yana ba da wajen volt 18. In za ka kwance, cire panno kafin batir.

In bata daina ba kai ma mai wayarin mota mai na'urar bincike, kar a taɓa kwamfutar inji da ka.