Wasiƙar soja ga wadda zai aura

Tambaya: Malam, wanda zan aura soja ne, wata bakwai ke nan yana bakin daga. Iyaye sun amince, amma ba a ɗaura ba. Yana rubuto mini wasiƙa yana ce mini "matata", ni ma ina ba shi amsa. Ƙawata ta ce haramun ne, wai keɓewa ce da namiji. Ina da laifi?

Amsa: 'Yata, Allah Ya dawo da shi lafiya. Hukuncin ya rataya ne a kan maganarki cewa ba a ɗaura ba. Har yanzu ke ba matarsa ba ce, komai yawan faɗar da ya yi a takarda. Gaisuwa, addu'a da shirin aure sun halatta da sanin waliyyinki. Kalaman da suka dace da miji da mata kaɗai kuwa, ba su halatta ba.

Ƙawarki ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, akwai masu wa'azin da ke faɗarsa, amma ban yarda da shi ba. Keɓewar da hadisi ya hana ita ce namiji da mace su haɗu a wuri guda babu na uku. Takardar da ta yi kwanaki a hanya, wadda mahaifiyarki za ta iya buɗewa ta karanta, ina keɓewa a nan? In sun ce toshe ƙofar ɓarna ne, sai mu ce aya ta 32 ta Suratul Ahzab ta hana lanƙwasa murya, amma a ƙarshenta ta yi umarni da magana ta alheri. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce rubutu kamar magana yake: abin da za ki iya faɗa masa a gaban yayanki, rubuta shi.

Shawarata, ya naɗa wakili a ɗaura auren tun yana can. Sai dai ki sani, in aka ɗaura, sannan ta Allah ta kasance a kansa, za ki yi takaba wata 4 da kwana 10, kuma ki gaje shi, ko ba ki tare ba.

Kada kuma ki riƙa tambayarsa inda suke ko inda za su. Wasiƙar sahabi Haɗibu ɗan Abu Balta'a zuwa ga mutanen Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, saura kaɗan ta tona asirin runduna guda. Hotonki ma ki riƙe shi tukuna. Jakar soja hannu da yawa take ratsawa.

Wallahu a'alam.