Farin layin da jirgin sama ke bari a baya: hayaƙi ne ko magani?

Tambaya: Malam, wani jirgin in ya wuce can ƙololuwa sai ya bar farin layi kamar an ja alli, wani kuma ya wuce ba komai. A majalisarmu an ce magani ake fesa mana. Mene ne gaskiya, kuma yana da illa?

Amsa: Ɗan'uwa, ba a fesa maka komai. Gajimare ne na ƙanƙara, jirgin ne ya haife shi.

Ka tuna safiyar hunturu, kana magana tururi na fita daga bakinka? To haka ne. Man jirgi dangin kananzir ne, kuma duk kilo ɗaya da injin ya ƙona yana fitar da tururin ruwa kusan kilo ɗaya da kwata. A nisan kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda jiragen ke bi, sanyi kan zarce digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin na fitowa sai ya manne wa ƙwayoyin kunkunniyar injin, ya daskare nan take. In ka lura da kyau, akwai ɗan tazara tsakanin jirgin da farkon layin. Kafin ruwan ya daskare ke nan. In iskar can sama a bushe take, layin zai ɓace kafin ka kira yaro ya gani. In da laima, sai ya yi sa'o'i yana bazuwa.

Wannan mai daɗewar shi ne matsalar. Da rana yana mayar da wani ɓangare na hasken rana, amma yana kuma tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kamar yadda daren da hadari ya rufe sama ya fi gumi. Da dare kuwa babu hasken da zai mayar, sai tarewar kawai. In aka haɗa lissafi, ɗumama duniya yake yi, har wasu masana na ganin tasirinsa a yanzu ya kai ko ya zarce na iskar kabon da jirage ke fitarwa. Sai dai shi sa'o'i yake yi, kabon kuwa ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya fi burge ni, jirage ƙalilan ne ke haddasa mafi yawansa. A 2023 kamfanin Google da kamfanin jiragen sama na American Airlines sun yi gwaji da tashi 70, matuƙa suna ɗan hawa ko sauka don kauce wa wuraren laima. Layukan sun ragu da kashi 54 cikin ɗari, man da waɗannan jiragen suka sha kuwa ya ƙaru da kusan kashi 2.