Shin taswirar radon ta isa ta nuna halin gidana?

Ka tambaya ko taswirar haɗarin radon kaɗai za ta gaya maka halin da gidanka ke ciki. Gaskiya ba ta isa ba.

Radon iska ce marar launi marar wari, daga ma'adinin yuraniyam na cikin ƙasa da duwatsu take fitowa, musamman giranit. Masu zana taswirar sukan kafa siririn bututun ƙarfe a ƙasa, zurfin kamar santimita 80, su zuƙo iskar da sirinji su auna. Sannan su duba yadda iska ke ratsa ƙasar. Wannan yana da muhimmanci, domin tsakuwa mai radon kaɗan tana iya fin yumɓu mai radon da yawa haɗari, tunda yumɓu riƙe iskar yake yi. Sai a haɗa da awon hasken gama (gamma), wato hasken da ba a gani da ido wanda ƙasa da duwatsu masu yuraniyam ke fitarwa, wani lokaci daga jirgin sama.

Amma gidaje biyu maƙwabta kan sha bamban ƙwarai, saboda tsagar daɓe ko ƙarancin tagogi. Don Allah ka ajiye na'urar awo a ɗakin kwananka na wata 3. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mizanin bekerel 100 (bekerel shi ne ma'aunin yawan radon) a kowace kiyubik mita ta iskar cikin gida, domin radon na cikin manyan abubuwan da ke jawo kansar huhu, bayan taba sigari.