Fita bayan gari da kare: amsoshin tambayoyinku

Wani malami daga Hotoro a Kano ya rubuto cewa yana da kare mai kilo 25, bai taɓa wuce ƙofar gida ba, yana so ya kai shi shan iska tare da yara. Ina zai nufa, kuma sarƙa zai saya ko igiya?

Malam, ka bi titin Zariya, ka wuce Kura, ka nufi Bagauda ko bakin dam ɗin Tiga. Falgore dai ka bar ta, daji ne na namun dawa, ga nisa. Lokacin da ya fi shi ne hunturu, Disamba zuwa Fabrairu: an girbe gonaki, ciyawa ta bushe, kaska ta ragu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kare kuwa da haki yake huce jikinsa, gumin da yake yi bai taka kara ya karya ba. In ya zama dole a bazara, ka fita bayan asuba, goma na safe ta same ka a hanyar gida.

Sarƙa ta ɗauri ce a gida, tana da nauyi, tana kuma ɗaukar zafi. Sayi ɗamarar ƙirji, wadda ba ta shaƙe wuya, da igiya biyu: mai mita 2 ta tafiya, da mai mita 10 ta fili. In ka ɗaura, yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da fata. Kada ka sake shi ko da ka ga fili fetal. Karen birni da bai san akuya ba, bin ta zai yi, kuma karnukan ruga da na mafarauta ba sa yi wa baƙo sannu da zuwa. Ka gaisa da mutanen wurin tukuna, ka nisanta shi da rijiya da masallaci.

Ruwa kuwa lita 3 nasa shi kaɗai, da kwanonsa daban. Kada ya sha na magudanar noman rani, feshin gona yana gangarawa ciki. Abinci a ba shi awa 3 kafin tashi, don amai. A kujerar baya zai zauna, kan tsohon buhu, gilashi a ɗan sauke; but ɗin mota tanda ce. In ka ga harshe ya zazzago ya yi ja wur, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa a kan fatar ciki da cinyoyi, ka nemi likita.

Wata Hajiya daga Bompai kuma ta tambaya ko ta fesa wa karenta maganin ƙwari na Sniper kafin su fita, don kaska.

A'a, Hajiya. Sniper da otapiyapiya guba ne, fata tana tsotsewa, shi kuma yana lasa. Ki nemi feshi mai sinadarin fipronil a shagon magungunan dabbobi, ki fesa kwana 2 kafin tafiya. Da kun dawo ki duba cikin kunne, hammata da tsakanin yatsu. Nan kaska take maƙalewa, nan kuma ƙarangiya da tsidau suke shigewa. Kaska a kama ta daga gindin baki a ja a hankali, kada a murɗe.

Abin da ya fi feshin muhimmanci shi ne allurar rigakafin haukan kare. Ana fara ta daga wata 3, a sabunta duk shekara. Ana yi a asibitin dabbobi na Gwale, ki riƙe katin a mota. In yana da cizo, ki sayi takunkumi mai kama da kwando, wanda zai iya haki a ciki. Ragowar tsire da albasa kada yara su jefa masa, albasa tana lalata masa jini. In kuma ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti ranar, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi.